Kokowar ɗari: wa ke ɗaukar wanda ya karye?



Ɗari ya shigo. Hatsi ya shiga rumbu, wake da aya da gujiya sun fara isa kasuwa, kuma duk wanda ke kwana wajen Tibiri ko Jiratawa ya san da an yi sallar isha'i iska za ta kawo mishi ganga daga wani gari. Lokacin kokowa ke nan. Ni ma ɗan kallo ne, kada wani ya ce maƙiyin al'ada ne ya ɗauki waya yana rubutu. Tun ina yaro ake ba mu labarin Yakuba Ango Kantu, wanda ya kawo wa Maraɗi takobin farko a Tawa cikin 1975, kuma ga filin kokowarmu nan yana ɗauke da sunanshi. In ana takobin ƙasa, ƴan kokowa 80 daga jihohi 8, ba ni da wani aiki sai radiyo da tele. Sai dai yau maganata a kan wanda ke ƙasa take, wanda aka kayar, ya yunƙura ya kasa tashi, makaɗa kuwa sun riga sun bi wanda ya yi kaye.

Shekaru uku ke nan, ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 13, ya shiga kokowar dandali a wani ƙauye can gefen Jiratawa. Ba zan faɗi sunan garin ba. An haɗa shi da wani saurayi da ya girme shi nesa ba kusa ba, don jama'a su yi dariya. Saurayin ya ɗaga shi ya buga, yaro ya tare ƙasa da hannun dama, ƙasa kuwa irin ta bayan girbi, tauri kamar daɓe. Ƙasusuwan nan biyu na tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu suka karye. Nan take aka kai shi gidan mai ɗori, dattijo mai mutunci wanda ya gaji sana'ar daga ubanshi. Ya ja hannun, ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya jera karare ya naɗe da tsumma tamau.

Ni sai rana ta uku aka kira ni. Ƙanwata ce, murya na rawa: "Yaya, yaron ga bai barci. Kuka yakai tun shekaranjiya, kuma yatsun sun yi sanyi." Na ce to gobe in na taso daga aiki zan zo. Wannan "gobe" ɗin har yau yana cina, don haka in na yi faɗa cikin wannan rubutu, da ni nake farawa. Da na isa, yatsu sun kumbura sun yi duhu, fata ta yi bororo da ruwa. Na ce a kwance ɗaurin mu tahi Maraɗi yanzu. Kakan yaron ya riƙe ni: "Kai ɗana, kak ka kai shi likita, yanke mishi za su yi. Mai ɗori ya ce zafin nan ƙashi ne ke kamawa." Na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara, yau kam ba ni bin maganarka."

Ba a yanke hannun ba, Alhamdulillahi. Amma likitan ya gaya mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: naman da ya mutu ba ya dawowa. Yau yatsun yaron a tanƙware suke kamar ƙafar kaza. A garin da kowa ke rayuwa da hauya da fartanya cikin garkar ban-ruwa, kun san abin da wannan ke nufi ga ɗa namiji. Ya koyi rubutu da hagu. Tumaki biyu na uwar suka tafi wajen magani.

Abin da likitan ya bayyana mini ranar shi nake so kowa ya riƙe, don ba wuya gare shi ba. In ƙashi ya karye, naman da ke kewaye da shi kumbura yake, kuma kumburin ƙaruwa yake cikin kwana biyu zuwa uku na farko. In an zagaye wurin da ɗauri mai ƙarfi, kumburi bai da wurin zuwa, sai ya koma ciki ya matse jijiyoyin jini. Naman da jini ya daina isa gare shi, cikin kamar awa 6 ya fara mutuwa. Awa ake ƙirgawa, jama'a, mu kuwa kwanaki muka ƙirga. Alamun a fili suke: ciwo na ƙaruwa maimakon ya lafa, ko an sha magani bai ji, in an miƙar da yatsa ɗaya yaro ya yi ƙara, yatsu sun yi sanyi, ko sun mutu bai jin an taɓa su, ko launinsu ya sake. Duk wanda ya ga haka ya sassauta ɗaurin a kama hanya, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kuma wannan haɗari ba ga karan dawa kaɗai yake ba. Filastar likita ma, farin ɗaurin nan mai taurin siminti, in ta matse haka take yi. Shi ya sa sau da yawa za ku ga da farko rabi ake sa wa, ko a tsaga ta, a ce ku dawo a duba.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Ai ni mai ɗori ya ɗora ni, ga ni ina tafiya." Gaskiya ne, ban musa ba. Karaya da yawa, musamman ta yara in ƙashin bai kauce ba, za ta haɗe da ikon Allah muddin an tsayar da wurin cak na wasu makonni. Masu ɗorinmu sun yi wa jama'a aiki tun kafin a aza tubalin gidan likita na farko a ƙasar nan. Suna kusa, suna karɓar abin da ka samu, wani ma kaza ce ko sai ka warke, suna magana da kai da harshenka, ba su ba ka takardar magani mai tsawon kamu guda. Wanda ke zagin talaka don ya tafi wurinsu bai taɓa tsayawa gaban farmasi da jikka biyu a aljihu ba. Kyautar magani da gwamnati ta yi alkawari ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce, ɗan kokowa mai shekara 13 ko 20 ba ya ciki. Hoton ƙashi kuɗi, filasta kuɗi, in kuma aka ce sai an sa ƙarfe, to sai a sayar da dabba ko a jinginar da gona.

Amma akwai abin da hannu ba ya gani, komai gadon mai shi. Karayar da ƙashi ya huda fata ya fito, wannan ciwo ne da datti ya shiga, tana son wanki a ɗakin aiki da allurar tetanos da maganin ƙwayoyin cuta a ranar, in aka rufe ta da tsumma ruɓewa take. Karayar gwiwar hannu ga ƙananan yara, jijiyar jini na daf da bakin ƙashin. Kafaɗar da ta goce, in an maida ta cikin awoyi abu ne mai sauƙi, in ta yi makonni sai an yi aiki, kuma da wuya ta koma yadda take. Karayar ƙugu ga tsoho. Sai babbar: wuya da ƙashin baya. Sau nawa muka ga an dasa ɗan kokowa da ka, ya kwanta, sai mutum huɗu su kama hannuwa da ƙafafu su yi waje da shi kai na lilo, a aza shi bisa moto tsakanin mutum biyu? In ƙashin wuya ya tsage, wannan ɗaukar ita ke iya tsinke laka, mutumin da zai iya warkewa ya ƙare a kwance. Ƙyauren ɗaki ma ya isa: a kwantar da shi a miƙe, mutum ɗaya ya riƙe kai kada ya motsa.

Maganar "likita yanka yake" kuwa, ku dubi yadda take zagayawa. Ana tsoron a kai mutum don kada a yanke. A zauna gida sai hannu ya ruɓe ya fara wari. A kai shi lokacin da ba abin da ya rage sai yanka, don in ba a yanke ba rai zai tafi. Ya dawo gari da dungu, kowa ya ce kun gani ko, mun faɗa. Na gaba da zai karye sai ya ƙara daɗewa a gida.

Bari in ɗan kai ku nesa, don ba mu kaɗai ke da wasan lokacin sanyi mai karya mutane ba. A duwatsun Faransa, Suwizalan da Ostiriya, daidai watannin da muke kokowa, su kuma zamiya suke bisa dusar ƙanƙara, wasan da suke kira ski. Mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa ya sulalo daga kan dutse da gudun mota. Suna karyewa ƙwarai: ƙwauri, kafaɗa, wuyan hannu, babban yatsa, gwiwa. Da yawanku kun ji labarin Michael Schumacher, zakaran tseren mota, wanda ya faɗi a Méribel cikin Disamba 2013, kanshi ya bugi dutse duk da hular kwano da ke kanshi. Wasa ne mai haɗari, kuma ba su daina ba, kamar yadda mu ma ba za mu daina kokowa ba. Abin da suka yi shi ne suka zauna suka dubi yadda ake karyewar.

Da, allon a maƙale yake da takalmi gam. In mutum ya faɗi allon ya murɗe, ƙwauri ne ke biya. Sai suka ƙera maɗauri mai sakin ƙafa da kanshi in murɗawar ta wuce kima, kuma daga shekarun 1970 zuwa yau karayar ƙwauri ta ragu sosai. Yanzu abin da ya fi damunsu shi ne tsinkewar igiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki. Ita wannan, ku sani, hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, kuma tana samun ƴan kokowa da ƴan ƙwallonmu. Saurayi ya ji "ƙas" a gwiwa, ta kumbura, a ce targaɗe ne, a murza, bayan wata biyu ya koma fili gwiwa na kuɓuce mishi, shi ke nan an daina jin sunanshi.

Ƙarfen nan ma da mutanenmu ke gudu, faranti da kusoshin da ake ɗaure ƙashi da su daga ciki, a can aka gyara aikinshi ya zama yadda yake yau. Cikin 1958 wasu likitocin Suwizalan, jagoransu Maurice Müller, suka kafa ƙungiyar da ake kira AO, daga baya suka buɗe ɗakin bincike a Davos, garin da ya shahara da wasan ƙanƙara. Sun gaji da ganin mutum ya fito daga filasta bayan watanni, ƙashi ya haɗe amma gaɓa ta sandare. Dabarunsu ne likitocin ƙashi ke koyo ko'ina, har da Yamai da Maraɗi da asibitin ƙashi na Dala a Kano, inda masu ɗan hali cikinmu kan tsallaka. Ƙarfen ba ya hana sallah, ba ya jawo tsawa, ba ya sa mutum ya zama rabin mutum.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tsarinsu ba na'ura ba ce. A Faransa, magajin garin da filin zamiyar ke cikin ƙasarshi shi ke da alhakin tsaron masu wasa. Akwai ma'aikatan ceto da ke kan dutsen tun safe, da gadon ɗaukar majinyaci mai zamewa bisa ƙanƙara, an koya musu yadda ake tsayar da karaya da riƙe wuya. Kuma a tagar da kake sayen tikitin hawa, nan ake tambayarka ko za ka ƙara ƴan kuɗi kaɗan na inshora, don in ka karye a ɗauko ka a kula da kai. Wato tun kafin a fara wasa an riga an amsa tambayar: in wani ya faɗi, wa zai ɗauke shi, da me, zuwa ina, wa zai biya.

Mu fa? A takobin ƙasa akwai likitoci, akwai ambilans, fili cike da yashi mai taushi, akwai alƙalai masu hana murɗe yatsa da kamun ganganci. Madalla. Amma wannan kwana goma ne cikin shekara, a gari ɗaya. Kokowar da ta fi yawa ita ce ta ƙauyuka da unguwanni, wadda ake yi dare da rana tun daga kaka har zafi ya shigo, kuma can ne ake ƙera Kantun gobe. A irin wannan fili za ka ga an karɓi kuɗin ƙofa, an ɗauko makaɗa, an yi hayar lasifika, ɗan siyasa ya aiko a yi shelar karinshi, Alhaji wane ya ba da jikka hamsin, cali-cali ya samu nashi. Ka tambayi mai shirya taron, in yaro ya karye fa? Zai ce maka Allah shi kiyaye. Amin, amma ai raƙumin ma cewa aka yi a ɗaure shi sannan a yi tawakkali.

Ra'ayina, kuma na san ba kowa zai so shi ba: duk wanda ya tara jama'a ya karɓi ko dala ɗaya da sunan kokowa, nauyin wanda ya karye a filinshi yana wuyanshi. Mai gari ko magajin gari da ake sanarwa kafin a buga ganga yana da ikon cewa ba a farawa sai ya ga abu kaɗan. A ware wani kaso na kuɗin ƙofa da na kari a hannun amintaccen mutum, don hoton ƙashi da kuɗin mota. A gayyato majo na CSI mafi kusa a ba shi kujera da ɗan abin goro, kamar yadda ake ba makaɗi. A aje allo ko ƙyaure, a san motar wa za a kira. Tibiri zuwa Maraɗi tafiyar ƴan mintoci ce, Jiratawa ma haka, kuma Maraɗi na da babban asibitin jiha da sabon asibitin Référence. Nisa ba hujja ba ce a gare mu kamar yadda take ga mutumin da ke can cikin dajin Dakwaro. Yashi kuwa ga Gulbi nan ya bushe, amalanke biyu sun isa fili. Su Turawa sai da suka ƙera sabon maɗauri, mu ɗiban rairayi kawai ne ya gagare mu?

Sannan a daina haɗa yaro da wanda ya fi shi nesa don a yi dariya. Manya sun zaɓi su kama kowa ba ruwansu da nauyi, wannan jarumtakarsu ce kuma sun san abin da suka shiga. Yaro ɗan shekara 13 kunya ce ke hana shi cewa a'a in an tura shi fili gaban ƴan mata. A kuma sa ido kan tramol. Saurayin da ya sha ƙwaya bai jin lokacin da jikinshi ke ce mishi tsaya, sai ya ci gaba da kokowa da kafaɗar da ta riga ta lalace.

Masu ɗori kuma, ban ga amfanin yaƙi da su ba, don ko an hana su da doka mutane da dare za su je. A kudancin Habasha da wasu sassan Najeriya, likitoci sun gwada tara masu ɗori suna nuna musu haɗarin matse ɗauri da irin karayar da ya kamata su tura asibiti, kuma an ga ruɓewar gaɓoɓi ta ragu. Me zai hana a nan? Muna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ɗalibanta na likita. Muna da Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri, waɗanda in suka kira masu ɗorin ƙasarsu ba wanda zai ƙi zuwa. Zama ɗaya cikin girmamawa, a ce Baba, aikinka muna so, amma ka bar wurin da yatsa zai shiga ƙarƙashin ɗaurin, ka duba yatsu safe da marece, waɗannan iri kuwa ka turo mana su a ranar. Dattijon da ya ɗora ɗan ƙanwata ba mugu ba ne. Ya zo har Maraɗi duba yaron, ya zauna bakin gado ya kasa ɗaga kai. Da wani ya taɓa gaya mishi maganar awa 6, na tabbata da kanshi zai kwance tsumman.

Ma'aikatan lafiya, ku ma da kalma ɗaya. In an kawo muku wanda ya fara biyawa ta gidan mai ɗori, ku bar faɗan sai ya warke. Uwar da aka yi wa tsawa gaban jama'a, ita ce za ta koma gari ta ce wa maƙwabta kada su je.

Na san kabu-kabu na karya mutane a Maraɗi fiye da kokowa nesa ba kusa ba, ku leƙa ɗakin masu karaya ku gani. Wannan magana ce ta wata rana, ko da yake duk abin da na faɗa kan ɗauri da ɗaukar mai ciwon wuya ya shafe su.

Juma'ar nan za a buɗe fili a garin su yaron. Na biya amalanke biyu na yashi, na kuma yi magana da mai shirya taron kan majo. Ya ce zai duba, bai ce i ba, bai ce a'a ba. In akwai garin da ya riga ya tsara irin wannan, don Allah ku rubuto mini yadda kuka yi, in kai mishi ya gani. Yaron ya ce zai je kallo. Uwar ta ce ba ta yanke shawara ba tukuna.